Kashi 2 cikin 100 a kan diyyar raɗaɗi: daga ina aka samo shi, kuma ya halatta in karɓa?

Maman Sadiku, Bradford

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman wanda ya san kan shari'ar diyya a nan Ingila ya warware min wani lissafi da ya ɗaure min kai.

A watan Mayun 2021 wata motar kai kaya ta buge ni a wurin tsallaka titi, ina dawowa daga aikin kula da tsofaffi. Idon sawuna na dama ya farfashe, aka yi tiyata aka sa ƙarfe da kusoshi. Har yau a kan kujera nake salla, don ƙafar ba ta lanƙwasuwa yadda zan yi zaman tahiya. In sanyi ya shigo, tun kafin in sauko daga gado nake jin ƙarfen nan a cikin ƙashi. Autata tana da shekara ɗaya lokacin, haka ta tashi ban ƙara goya ta ba. Na faɗi wannan ne don ku san abin da ake ƙoƙarin sa wa farashi.

Kamfanin inshorar mai motar bai musa laifi ba, a kan adadi ake ta ja. Lauyana bai kai magana kotu ba sai watan Maris na 2024, saura wata biyu wa'adin shekara uku ya cika. Yanzu shekara ɗaya da rabi kenan da miƙa musu takardar ƙara, ga shi ya aiko min lissafin abin da yake nema. Ya kasa shi gida biyu. Gida na farko albashin da na rasa ne da kuɗin tasi zuwa asibiti da na gashin ƙafa, fam 14,000. Gida na biyu shi ne na raɗaɗi da wahala da abubuwan jin daɗin rayuwa da raunin ya raba ni da su, fam 38,000. A ƙarƙashin wannan na biyun akwai layi guda: kuɗin ruwa kashi 2 cikin 100 a shekara, daga ranar da aka miƙa takardar ƙara, fam 1,140.

Wannan layin ne ya hana ni sakat. Duk mun ga yadda kaya suka yi tashin gwauron zabo a ƙasar nan, a Oktoban 2022 hauhawar farashi ta wuce kashi 11. Kamfanin yana riƙe da haƙƙina duk tsawon lokacin nan yana juya shi, sai a ce kashi 2? Kuma me ya sa za a fara ƙirga daga 2024, alhali tun 2021 nake cikin ciwon? Shekarun da suka fi azaba su ne aka tsallake.

Sannan akwai wadda ta fi damuna. Maigidana ya ce in ma an ba da shi kada ya shigo mana gida, riba ce. Ni ma gabana na faɗuwa a kai. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Baban Ummi, Leeds

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi Maman Sadiku, ya sa kaffara ce.

Ni direban tasi ne, an taɓa buga min mota ta baya, kafaɗata ta goce. Tawa ba ta kai kotu ba, sulhu aka yi ta wasiƙa, kuma ko kwabo ban gani ba da sunan kuɗin ruwa a kan ɓangaren ciwo. Da na tambaya sai aka ce ai agogon ba ya fara tafiya sai an miƙa takardar kotu, tunda ba a miƙa ba, babu. Yawancin mutanenmu a haka suke ƙarewa, shi ya sa ba a cika jin maganar ba.

Abin da zan ja hankalinki a kai shi ne, ranar da kamfanin ya kawo tayi, dunƙule zai kawo shi. Za su ce fam kaza ke nan, an gama. Ki sa lauya ya faɗa miki baki da baki ko kuɗin ruwan yana cikin dunƙulen ko za a ɗora shi a sama. Kada ki sa hannu kina tsammanin akwai wani ƙari da zai biyo baya.

Goggon Yara, Landan

Maman Sadiku, sannu da jiki. Aikina kenan, shari'ar diyyar rauni, kuma wannan tambayar taki kusan duk wanda na yi wa aiki sai ya yi min ita. Lauyanki bai tauye ki ba a wannan layin, haka ƙa'idar take a Ingila da Wales. Amma dalilin yana da kyau ki gane shi, don shi zai nuna miki inda ya kamata ki sa ƙarfinki.

Fara da fam 38,000 ɗin. Alƙali ba ya auna raɗaɗinki da darajar kuɗin ranar da aka buge ki, da darajar kuɗin ranar hukunci yake aunawa. Akwai kundin jagora da Kwalejin Alƙalai ke fitarwa, an jera raunuka kowanne da iyakar kuɗinsa, ana sabunta shi lokaci zuwa lokaci. Bugu na 17 ya fito a Afrilun 2024, kuma an ɗaga adadin da ke cikinsa da kusan kashi 22 cikin 100 a kan bugun 2022, saboda wannan tsadar da kika ambata. Wato raunin da ake sa wa fam 31,000 a bugun baya shi ne ya koma wajen fam 38,000. Kamar wanda kike bi buhun masara ne tun 2021, ya zo biya yau da farashin kasuwar yau. Tsadar da ta faru a tsakani ta riga ta shiga cikin abin da ya miƙo miki. In aka sake ɗora cikakken kuɗin ruwan banki, wanda kaso mai yawa nasa dama maganin hauhawar farashi ne, an biya abu ɗaya sau biyu. Abin da ya rage ba a biya ba shi ne zaman jiran da kika yi babu kuɗin a hannunki, kuma shi ne aka ƙiyasta da kashi 2.

Ba a kwana ɗaya aka iso nan ba. A shari'ar Jefford da Gee ta 1970, Lord Denning ya shimfiɗa tsarin: asarar kuɗin da ta riga ta wuce tana da nata ruwan, asarar gaba ba ta da ruwa ko kaɗan tunda ba a riga an yi ta ba, diyyar raɗaɗi kuma daga ranar miƙa sammaci. A lokacin cikakken ruwa ake bayarwa. Da hauhawar farashi ta yi ƙamari a shekarun 1970, shi Denning ɗin ya juya a 1977 ya ce a daina ba da ruwa a kan raɗaɗi gaba ɗaya. Alƙalan Majalisar Dattawa, waɗanda su ne kotun ƙoli a wancan zamanin, suka ƙi amincewa a shari'ar Pickett, suka ce wanda aka riƙe wa haƙƙi dole a ba shi wani abu. Sai a 1982, a shari'ar Birkett da Hayes, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tsayar da kashi 2, bayan ta duba abin da mai ajiya ke samu na zahiri in an cire hauhawar farashi. Shekara ta gaba, 1983, Majalisar Dattawa ta tabbatar da shi a shari'ar Wright da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Birtaniya. A 2000 an nemi a ɗaga shi zuwa kashi 3, kotu ta ƙi. Shekara sama da arba'in kenan yana nan inda yake, kuma ruwa ne miƙaƙƙe, ba ya haihuwar wani ruwan.

Maganar ranar farawa, a nan ina tare da ke a zuciya. Hujjar kotu ita ce fam 38,000 ɗin ba na ciwon da ya wuce kaɗai ba ne, har da wanda za ki sha nan gaba, kuma ba a cewa mutum ya riƙe miki kuɗi sai daga ranar da kika neme shi a hukumance. Suna kuma so mai ƙara ya hanzarta. Ni dai a ganina hujjar ta fi yi wa kamfanonin inshora daɗi, domin shekarun farko da mutum ke kwance su ne shekarun da lauya ke jiran rahoton likita, kuma ba laifin majinyaci ba ne. Amma kada ki yi saurin zargin lauyanki. Irin karayarki sai an jira a ga inda ƙafar za ta tsaya, ko za a cire ƙarfe, ko amosanin gaɓɓai zai biyo baya. Wanda ya yi gaggawar rufe magana kafin likita ya gama faɗin nasa, asararsa ta fi ta kuɗin ruwa nesa. Ga kuma kuɗin shigar da ƙara: a ƙarar da ta wuce fam 10,000 zuwa fam 200,000, kashi 5 cikin 100 na abin da ake nema kotu ke karɓa tun farko. Ruwan da kike samu a shekara fam 760 ne kacal.

Ki leƙa ɗaya gidan kuma, na fam 14,000. Shi daga ranar hatsari ake ƙirga masa ruwa, bisa ma'aunin asusun musamman na kotu. In asarar a hankali ta taru, kamar albashi wata bayan wata, rabin ma'aunin ake ɗauka. Ma'aunin nan yana hawa yana sauka: a 2020 ya faɗi har kashi 0.1, a Agustan 2023 ya kai kashi 6. Idan kin koma aiki tun da daɗewa, wato asarar ta tsaya a wata rana sananniya, lauya na iya neman cikakken ma'auni daga tsakiyar lokacin asarar maimakon rabi. Ki tambaye shi wanne ya yi amfani da shi, nan ne ake yawan barin kuɗi a baya.

Inda ƙarfinki yake na gaske shi ne Sashe na 36 na ƙa'idojin kotu. In kika yi musu tayi a rubuce ƙarƙashinsa, suka ƙi, aka je gaban alƙali ya ba ki daidai da tayinki ko fiye, kotu na iya ɗora musu ruwa har kashi 10 a saman ma'aunin Babban Bankin Ingila, daga ranar da wa'adin tayin ya ƙare, da ƙarin kashi 10 cikin 100 a kan diyyar kanta. Wannan ne ke sa su gyara zama. Sai dai su ma suna da wannan makamin: in suka yi miki tayi kika ƙi, alƙali ya ba ki abin da bai wuce shi ba, kuɗin lauyoyinsu na bayan wa'adin na iya fita daga diyyarki. Kuma Baban Ummi ya yi gaskiya, tayin Sashe na 36 ana ɗaukarsa da ruwansa a ciki har zuwa ƙarshen wa'adin, wanda yawanci kwana 21 ne.

Tunda sun amsa laifi, ki sa a nemi su ba ki wani kaso tun yanzu kafin a kammala. Ruwa zai daina hawa a kan abin da suka biya, amma kuɗi a hannunki yau ya fi miki kashi 2.

Ɗan Zinder, Glasgow

Goggo ta yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina so masu karatu su lura cewa wannan na Ingila da Wales ne. Mu nan Sikotilan dokarmu daban. Alƙali yakan raba diyyar raɗaɗi gida biyu, na wahalar da ta wuce da na wadda ke gaba. Na gaba ba shi da ruwa. Na baya kuwa a al'ada ana ba shi kashi 4, wato rabin kashi 8 na kotu, kuma daga ranar hatsarin ake fara ƙirga. Da a Glasgow aka buge 'yar'uwarmu, shekarun nan uku da take kuka a kai da sun shiga lissafi, ko da a kan wani ɓangare ne na kuɗin. Wannan tsarin ya fi kwanta min, don ya yarda cewa ciwo daga ranarsa yake farawa.

Goggon Yara, Landan

Haka ne Malam, na gode da ka kawo shi. Wasu wuraren kuma sun bi ta ɗaya gefen. A Ostireliya, babbar kotun ƙasar ta tsayar da kashi 4 a shari'ar Gogic ta 1991, da irin hujjar da aka yi amfani da ita a Ingila. Da kuɗin inshora ya yi tsada aka yi ta ƙorafi, sai jihar New South Wales ta yi doka a 2002, sashe na 18 na dokar ya hana kotu ba da ruwa kwata-kwata a kan diyyar abin da ba asarar kuɗi ba. Jihar Queensland ma ta bi sahu a dokarta ta 2003. Can sun zaɓi sauƙaƙa wa masu biyan inshora a kan mai rauni. Ban yarda da wannan zaɓin ba, domin in jinkiri ba ya ci wa kamfani komai, babu abin da zai sa ya yi sauri.

Abu Hafsa, Birmingham

Hajiya, Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya saka wa maigida da alheri a kan tsantseninsa. Fatawa ta malamai ce, amma yadda aka kai musu tambaya haka amsa take fitowa, don haka bari in taimaka wajen tsara ta.

Ruwa biyu ne a nan, kada a haɗa su. Akwai wanda ke hawa bayan alƙali ya yanke hukunci in kamfani ya yi jinkirin biya, wanda a Ingila kashi 8 ne. A wannan lokacin adadi ya tabbata, ya zama bashi sananne a wuyansu, kuma ƙari a kan bashi saboda jinkiri shi ne abin da jumhurun malamai suka hana. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa da ke Jidda ta tsaya a kan haka a zamanta na 1990, da take magana kan wanda ya yi jinkirin biyan bashin ciniki. Marigayi Shaihu Mustafa Zarƙa ya saɓa, yana ganin alƙali na iya tilasta wa mawadacin da ke jan ƙafa ya biya cutarwar da jinkirinsa ya jawo, yana kafa hujja da hadisin Bukhari da Muslim cewa jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Amma mafi yawa ba su bi shi ba.

Sai wannan kashi 2 na kafin hukunci. Shi ne ke buƙatar nazari. Ke ba rance kika ba kamfanin ba, ba ku ƙulla sharaɗin ƙari ba, kuma har yanzu babu adadin da ya tabbata, fam 38,000 ɗin nema ne kawai. A fiƙihunmu na Malikiyya raunin da shari'a ba ta yanke masa adadi ba, alƙali ne ke ƙiyasta shi da ijtihadi. Mai duba ta wannan fuskar zai ce duk abin da alƙali ya haɗa ya furta ranar hukunci diyya ce guda, ko da wane suna aka kira ɓangarorinta. Mai tsanantawa kuma zai ce tunda an lissafa shi da kaso da tsawon lokaci, siffar riba ta bayyana, a nisance shi.

Abu ɗaya da zan roƙe ku: ko da kun zaɓi tsantseni, kada ku ce wa lauya ya cire layin daga ƙara. In kun bar shi, kamfanin da ya ja muku rai ne ya ci moriya. Abin da malamai da dama ke ba da shawara a irin wannan shi ne a karɓa, a ware shi, a ba mabuƙata ba da niyyar neman ladar sadaka ba. Ki sa lauya ya rubuta miki adadin ruwan daban ko da sulhu aka yi a dunƙule, sannan ki je wa malamin da kuka amince da shi da takardar a hannu, ki gaya masa bayanin Goggo cewa tsadar kaya ta riga ta shiga cikin uwar kuɗin.

Maman Sadiku, Bradford

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Goggo, na buɗe takardar na duba gidan fam 14,000, rabin ma'auni ya sa tun daga ranar hatsari, alhali na koma aikin zaune a ofishin kamfaninmu tun ƙarshen 2022. Zan rubuta masa yau in tambaye shi, tare da maganar a ba ni wani kaso yanzu da kuma tayin Sashe na 36. Har yanzu raina bai kwanta da tsallake shekarun farko ba, amma na gane ba lauyana ne ya ƙirƙiro ba. Malam Abu Hafsa, na karanta wa maigida naka, ya ce ranar Juma'a za mu je wurin limaminmu da takardar.

Saura tambaya ɗaya. Wannan ruwan, hukumar haraji za ta taɓa shi? Kuma muna karɓar tallafin gwamnati na haya, kada kuɗin ya shigo a yanke mana.

Goggon Yara, Landan

Diyyar rauni ba ta da haraji, haka ma ruwan da aka lissafa a kanta har zuwa ranar hukunci ko sulhu. Sashe na 751 na dokar harajin kuɗin shiga ta 2005 ne ya keɓe shi. Wanda keɓewar ba ta rufe ba shi ne kashi 8 na bayan hukunci, in sun yi jinkirin biya. A ƙa'ida kwana 14 gare su. Haka kuma duk abin da kuɗin ya haifar bayan kin ajiye shi a banki, lissafinsa irin na kowa ne.

Maganar tallafi ta fi gaggawa. Ana kawar da kai daga kuɗin diyya na tsawon shekara ɗaya, bayan nan sai a ƙirga shi cikin dukiyarku, kuma a tsarin tallafin gwamnati na Universal Credit wanda ajiyarsa ta wuce fam 16,000 ba ya samu. Maganinsa a buɗe asusun amana na diyyar rauni, a zuba kuɗin a can da sunan amintattu, mutum biyu ko fiye, ke ma kina iya kasancewa cikinsu. Shekarar nan tana iya fara ƙirguwa tun daga kason farko da suka biya, don haka ki sa lauya ya shirya asusun kafin wannan kason ya iso, kuma ki sanar da ofishin tallafi da zarar kuɗi sun shigo.